Filastar Uwani

Abin da kowa ya ɗauka shi ne aikin ido a ɗakin tiyata yake ƙarewa. A shiga da yaro ba ya gani, a fito da shi, washegari a kwance bandeji ya ce "Ga Mama!", kowa ya share hawaye a tafi gida. Ba haka ba ne. Na gaji da gyara wa mutane wannan magana ɗaya bayan ɗaya a gidan biki, shi ya sa na zauna na rubuta. Musamman saboda ku 'yan matan da kuka gama sakandare bana, kuke tare ni a hanya kuna cewa, "Anti Sa'a, ki samo mana irin aikinki mana, na nuna wa yara hoto a ƙarƙashin fanka." Ku karanta tukuna, sannan ku zo mu yi magana.

Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Sakandare na gama kamar ku. Shekara bakwai ke nan ina aiki a hannun Likita Hadiza, mai yi wa yara tiyatar ido, a wani ɗan asibiti a nan Haɗejiya. Ni ke gwada ganin yara, ni ke yi wa iyaye bayanin magani, kuma ni ke bin waɗanda ba su dawo ba har gidajensu. Yadda na samu aikin ma ba wata takarda ba ce. Ɗan maƙwabciyarmu na rako, yana ta birgima a ƙasa ya ƙi a ɗiga masa magani, uwar tana lallashi, layi yana jira. Na ɗauke shi na naɗe da zanen goyo, na matse ƙafafun a tsakanin gwiwoyina, na ce da nas ta ɗiga mu tafi. Likita tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan ta iya riƙe yaro. Bakinta ne kawai zai ba mu aiki." Ranar Litinin na fara. Maganar bakin kuwa har yau ba a gama ba.

Aikin farko da ta sa ni, mahauta ta aike ni in karɓo idon akuya. Na ɗauka gwada ni take yi. Na je da 'yar roba mai murfi da ƙanƙara a ciki, na tsaya gaban wani dattijon mahauci na ce ido shida nake so, sababbi, kada a huda ko ɗaya.

Ya dube ni sama da ƙasa. "'Yata, miyar ido ake yi a gidanku?"

Na ce, "Baba, in an gama zan kawo maka ɗanɗano."

Da na dawo Likita ta jera su a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girma, ta cire takalmi, ta zauna. Ba ta aiki da takalmi, domin da yatsun ƙafa take taka abin da ke matso da madubin, hannayen kuma suna cikin ido. Zaren da take ɗinki da shi, in ya faɗi a farin ƙyalle sai kin karkata kai kafin ki gan shi. Na ce, "Likita, ke da kika gama karatu, me ya haɗa ki da akuya?" Ba ta ɗago ba ta ce hannu mantuwa gare shi, ta fi so ya yi kuskurensa a kan akuyar da an riga an yanka.

A irin wannan zaman na ji labarin karatunta, guntu-guntu, don ba ta iya zama ta ba da labari tiryan-tiryan. Shekarun jami'a, da shekarar koyon aiki a asibiti, da bautar ƙasa, sannan wasu shekarun na koyon ido kaɗai, sannan aka tura ta ƙasar waje ta koyi na yara. Na taɓa ƙirgawa da yatsu, na hannu suka ƙare na koma na ƙafa. Ta ce a can ƙasar wani tsoho ne malaminta, ba ya dariya, kuma wata da watanni bai bar ta ta taɓa idon yaro ba. Tumatir yake ajiye mata. Ta zare fatarsa da ɗan hantsaki, zagaye ɗaya cif, ba tare da ta yage gefe ba. In ta yage ya miƙo wani. Dalili kuwa, a cikin ido akwai wani ɗan madubi da Allah Ya sa a cikin siririyar jaka. Shi ne in ya yi fari ake kira yanar ido. Sai an buɗe jakar a zagaye, a tsotse farin, a saka madubin roba a gurbinsa. Jakar tsoho kamar takarda take yagewa, inda kika ja nan take bi. Ta yaro kuwa kamar leda, kin ja nan ta zille can. Ta ce har yau in ta ga tumatir a kasuwa sai ta ji tsohon nan yana tsaki a bayanta.

Ranar tiyata ba ta shan shayi, wai yana sa mata rawar hannu. Ba ta kuma yarda a yi musu a gabanta. Ni ce dai ke shan wahalar wannan dokar.

To ga abin da mutane ba su sani ba, kuma shi ne cibiyar sana'ar. Ido ba ya gani shi kaɗai, ƙwaƙwalwa yake kai wa saƙo. In idon yaro ɗaya ya daɗe a rufe da yana, ƙwaƙwalwar sai ta daina sauraronsa, ta koma wa mai lafiyar kawai. Ko an wanke shi tas a tiyata, ita ta riga ta saba. Maganin shi ne tabarau, sannan a riƙa rufe ido mai lafiyar da filasta na wasu awoyi kullum, don a tilasta wa wanda aka yi wa aiki ya tashi ya yi aiki. Kuma abin yana da lokaci. Tun yaro yana ƙarami ake yi. In ya girma ya wuce shekara bakwai zuwa takwas, ƙofar ta fara rufewa, duk gwanintar likita ba ta buɗe ta.

Nan binciken Likita ya shigo. Da na ji ana cewa tana bincike, na zaci kwalabe ne da farar riga. Ashe kati ne da taɓo. Tambaya ɗaya take bi tun kafin in zo: me ya sa za a yi wa yara biyu aiki iri ɗaya, duka ya fita tsaf, bayan shekara ɗaya wannan yana tsintar allura a ƙasa, wancan kuwa da kyar yake gane saniya? Ba ta yar da katin kowa. Duk yaron da ya dawo sai a gwada a rubuta, wanda bai dawo ba Sa'a ta hau babur. Na san hanyar Kaugama kamar tsakar gidanmu. Na san ranar kasuwar Kafin Hausa ce ranar kama iyaye maza, don a gida ba ka samunsu.

Allon gwajin ma sai da muka sake shi. Wanda aka zo da shi daga waje, hotunansa wani gida ne mai bututun hayaƙi da wata 'yar tsana mai kunnuwa. Ki nuna wa ɗan masunta ya yi shiru, ki rubuta ba ya gani, alhali gani yake, sunan abin ne bai sani ba. Likita ta sa aka zana mana kifi da saniya da kwalekwale da buta, manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Da shi nake yawo a naɗe, da igiya mai ƙulli don auna nisan da yaro zai tsaya, da 'yar fitila, da kwalin filasta. Kayan aikina ke nan kaf.

Shekarar da ruwa ya cinye hanya ita ce muguwar shekararmu, kuma a cikinta na yi kuskuren da ya fi kowanne. Da bazara aka kawo mana wata yarinya 'yar shekara huɗu daga wani ɗan ƙauye can bayan Baturiya, mutanen da kakanninsu makiyaya ne, yanzu sun zauna suna noman shinkafa da 'yan shanunsu. Karan dawa ne ya soke ta a idon hagu tun kaka, rauni ya warke, amma tsakiyar idon ya koma fari fat. Mutum biyu suka rako ta: ƙanen babanta, da wata matashiya da ta ja mayafi har goshi. Na tambayi matar sunan yarinya, ta kalli bango. Ƙanen uban ya ce Hafsatu. Na ce ita wannan fa? Ya ce uwar ce, Dije.

Aiki ya yi kyau. Likita ta fito tana 'yar waƙa a hanci, alamar ta gamsu ke nan. Bayan 'yan makonni suka dawo karɓar tabarau, ruwan farko ya sauka. Na gwada idon hagu, babban kifin sama kawai take gani, shi ma sai na matso da allon kusa da hancinta. Ƙanen uban ya fita neman mota, na zaunar da Dije na zazzage mata bayani. Ga filasta. Idon dama za a rufe, mai lafiyar. Daga hantsi zuwa azahar, kullum. Tabarau ba a cirewa sai barci. Ku dawo bayan wata guda. Ina magana tana kallon ƙafarta, yarinyar tana jingine da ita amma ko hannu ba ta ɗora mata ba.

Na ce, "Kin gane kuwa?"

Ta ce, "To."

"Wane ido na ce?"

Ta ci gaba da kallon ƙafarta. Na ce a raina wannan ba ta damu da 'yarta ba. Na maimaita da ƙarfi kamar mai magana da kurma, na cusa mata kwalin a hannu, na kira na gaba.

Wata guda ya wuce ba su zo ba. Na biyu ma ya wuce, kogi ya tumbatsa, gonaki suka zama tafki, motocin wajensu suka daina fitowa. Lambar wayar da suka bari ba ta shiga. Likita ta ciro katin ta ajiye a kan teburina ba ta ce komai ba. Washegari ta sake ajiyewa. Rana ta uku na ce, "Na ji, zan je." Ta ce, "Ai ban yi magana ba."

Babur ya kai ni inda ƙasa ta ƙare, daga nan sai kwalekwale. Mai tuƙin wani tsoho ne, Malam Garba, wanda ya lura tun daga bakin ruwa cewa ban iya iyo ba, ya kuma ƙudura sai ya more. Muna kutsawa cikin kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, yana ba ni labarin duk wanda ya taɓa kifewa a wurin.

Na ce, "Baba, tuƙa kawai."

Ya ce, "Malamar asibiti, in kin faɗa allonki zan fara cetowa, na ga ya fi ki tsada."

Muka isa da hantsi. Na tambayi yara gidan su Hafsatu mai ciwon ido, suka kai ni gaban wata tsohuwa tana tsince shinkafa a faifai. Ashe sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa duk ƙauyen ba mai kiran yarinyar Hafsatu, Uwani ake ce mata. Tsohuwar ita ce kakarta ta wajen uba, kowa Inna yake ce mata. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni, ta washe baki.

"Takwarata kike nema? Ai mun riƙe amanarku. Ko rana ɗaya ban tsallake ba. Uwani! Zo ga mutanenki."

Yarinya ta fito daga bayan rumbu a guje. Tabarau yana fuskarta, an ɗaure shi da tsumma ta ƙeya don kada ya faɗi. A ƙarƙashinsa ga filasta an liƙa ta tsaf, ba ko lanƙwasa.

A idon hagu. Idon da aka yi wa aiki.

Wata biyu da rabi. Idon da muke roƙon ƙwaƙwalwa ta saurara, shi aka toshe wa baki kullum daga hantsi zuwa azahar. Ban san sanda na miƙe ba. Na hango Dije a gindin turmi, na nufe ta.

"Ke! Ba ke na yi wa bayani ba? Wane ido na ce miki? Kin san abin da kuka yi kuwa?"

Ta juya min baya, ta ci gaba da daka.

Inna ta ajiye faifai. "Ke 'yar birni, wa kike yi wa tsawa a gidana? Ita ina ruwanta da takwarata? Tun da aka yaye ta a ɗakina take kwana, ni ke wanke mata fuska, ni ke liƙa abin nan. Kwali aka miƙo min aka ce a rufe ido, na rufe. Kuma tsaya in tambaye ki, in ƙafarki ta hagu ta yi ciwo, ta daman ake ɗaurewa?"

Sai a lokacin na gane wace ce Uwani a wurin Dije. 'Yar fari ce. Ni da aka haifa a garin nan, ni da babata har yau ba ta kiran sunan yayanmu sai dai ta ce "wancan", na zaunar da uwa a gaban jama'a ina tambayarta sunan 'yar farinta, ina jira ta nuna min damuwa. Sannan na aika ta gida ta je ta tsaya gaban uwar mijinta ta koya mata yadda ake kula da yarinyar da ita ko sunanta ba ta iya kamawa. A gida na san wannan kunya. Da na sa rigar asibiti sai na manta da ita.

Ba abin da ya rage sai in auna ɓarnar. Na rataye allo a jikin rumbu, na ja igiya, na tsayar da Uwani a kan ƙulli. Rabin ƙauyen ya taru, har Malam Garba ya baro kwalekwalensa. Na cire filastar, na sa sabuwa a idon dama, na nuna babban kifi ina addu'a ko shi ta gani.

"Kifi."

Na sauko layi na biyu.

"Saniya. Buta."

Na dube ta ko leƙe take ta gefen filasta. Ba leƙe. Na sauko na uku. Ta karkata kai.

"Jirgin Baba Garba."

Malam Garba ya ce, "Allahu Akbar, har ta san mai shi."

A na huɗu ta tsaya. Amma layi uku, daga nisan igiya, ga idon da wata biyu da rabi ana rufe shi? Lissafin bai fita ba. Na tambayi inda ake samun sabis, aka nuna min wani tudu a gindin tsamiya, aka ce sai na hau kututture. Na hau, na kira Likita, na faɗa mata komai a guje.

Ta ce, "Numfasa. Je ki cire filastar, ki duba fatar da ke zagaye da idon dama. In an saba liƙa abu a wurin za ki ga shaida."

Na sauka na duba na dawo. Akwai. Wani ɗan zagaye mai haske, har da ɗanɗanon wani abu mai danƙo a gefen gira, wanda ba irin gam ɗin filastarmu ba ne.

Na ji tana dariya a waya. "To wani yana yi mana aiki a gidan nan. Kada ki tambayi manya. Tambayi mai idon. Kuma Sa'a, a hankali."

Na durƙusa gaban Uwani, na sassauta murya iyakar iyawata. Na ce, "Uwani, wa yake liƙa miki a wannan idon?"

Ni na yi a hankali. Ita ce ba ta yi ba. Da muryar da za a ji a hayin ruwa ta ce, "Adda ce! In Inna ta ce in bi su rafi da 'yar ƙwaryata, sai Adda ta tsaya a baya, ta cire ta sa min a nan. In ta ƙi kamawa ta shafa ƙaro. In za mu dawo ta mayar. Ta ce in na faɗa ba za ta ƙara kama min fara ba."

Adda take kiran uwarta, kamar wata yayarta. Taɓarya ta faɗi. Kafin in waiga, Dije ta shige ɗaki ta saki labule.

Ashe duk abin da na faɗa a asibiti ta haddace shi, har da awoyin. Ba ta iya gyara wa Inna ba, ba ta kuma iya zuba ido ba. Sai ta riƙa jan wanki da ɗiban ruwa a rafi har rana ta take, mata suna mata tsiyar nawa, ita kuwa tana ƙirga lokacin idon 'yarta.

Kowa yana satar kallon Inna. Ita kuwa ta ɗauki faifanta, ta kori wata kaza da ba ta yi mata komai ba, kamar ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Can ta ce, "Ke malama, zo zauna. Faɗa min zancen idon nan daga farko. Kuma ba da tsawa ba, kunnena lafiya lau."

Na zauna a tabarma. A karo na farko tun da na fara aiki na yi bayani ba ina kallon layi ba. Na ce idon hagu ya warke, Likita ta gyara shi. Amma ya daɗe yana kwance na dama yana yi masa aiki, har ya saba. Muddin na dama yana buɗe, shi ba zai motsa ba.

Inna ta tsayar da ni da hannu. "Dakata. Wato ba majinyaci ba ne, malalaci ne."

Na ce, "Shi ke nan, Inna."

"To ai da haka kika aiko tun farko. Malalaci na san maganinsa, uku na haifa." Ƙanen uban yana tsaye a wurin, ya sunkuyar da kai, mutane suka kwashe da dariya. Ta miƙo hannu na ba ta sabon kwali. Ta jawo Uwani ta liƙa mata a idon dama da kanta, ta danna. Sannan ta ɗaga murya, tana fuskantar labulen ɗakin nan amma tana magana da sama.

"Daga gobe a nan za a riƙa sawa. Sai dai ni hannuna ya fara rawa, ba na daidaita gefen. In akwai wadda ba ta da aikin yi da hantsi, ta riƙa zuwa tana danna min."

Labule bai motsa ba. Amma daga ciki, can ƙasa-ƙasa, aka ce, "To."

Kafin in tafi na tsaya a bakin labulen. Ban iya ba da haƙuri mai tsawo ba, ban saba ba. Na ce, "Dije, na yi miki tsawa sau biyu, duka ba ni da gaskiya. Ƙaron dai a daina, kusa da ido ne, ga filasta nan isasshiya." Hannu ya fito ta gefen labule da ƙwarya cike da nono. Na shanye a tsaye.

Da ruwa ya janye suka zo asibiti su huɗu, Inna a gaba, ta sha mota har tana rantsuwar ba za ta ƙara ba. Uwani ta karanta layi na huɗu da idon hagu, ta gane biyu a na biyar. Likita ta duba ta a madubi ta daɗe, sannan ta cire tabaraunta ta gaida Inna har ƙasa. Dije tana bakin ƙofa tana kallon bango. Likita ta tsaya kusa da ita ta ce da bangon, "Wadda ta yi aikin rafi, Allah Ya yi mata albarka."

A ranar ta sa aka sake buga katinmu. Tambayar farko yanzu, kafin suna, kafin gari, ita ce: wa ke wanke wa yaron nan fuska da safe? Duk wanda aka ambata, shi za a yi wa bayani, ko a kawo shi ko in je in same shi. Daga baya ta je wani taron likitoci ta yi musu bayanin kunyar ɗan fari. Ta dawo tana dariya, wai manyan mutane masu furfura suna ta rubutawa kamar an gano sabon magani. Ta ce ta shekara goma sha tana koyon abin da ke cikin ido, abin da ya ci mata yara kuwa yana tsakar gida.

Ni abin da ya tsaya min daban ne. A kabad ɗin bayan teburina akwai katunan yaran da aikinsu ya yi kyau amma ganin bai zo ba. Da yawa rubutun hannuna ne a jiki, kuma na san abin da na rubuta: iyaye ba sa bin umarni. Ban san nawa ne 'yan fari a ciki ba, don ba mu taɓa tambaya ba. Makon jiya na sauke su duka a ƙasa, na ware na waɗanda har yanzu ba su kai shekara bakwai ba, na ɗaure da roba, na jera su bisa hanya. Likita ta ajiye min fom ɗin makarantar koyon jinya a kan tebur, yau kwana uku ke nan, ba ta ce komai ba. Zan cike, na ji. Amma makaranta tana jira, idon yaro ba ya jira.

Ranar kasuwar Kafin Hausa zan fara. Gida-gida zan bi, kuma a kowane gida ba zan buɗe baki ba sai na ga wadda ke riƙe da butar wanke fuska. Wadda take son aikin nuna hoto a cikinku ta same ni a tasha da sassafe. Ta zo da takalmin roba, fankar ba ta bin mu.